Shekarar da Na Mai da Nana Abijan

Akwai maganar da kuka taso kuka tarar tana yawo a gidan Inna, wai ni Rabi na saci Nana na gudu da ita Abijan, na miƙa jininmu ga bare. Wasunku sun ji ta a bakin iyayensu, wasu a wurin biki, ni kuwa ban taɓa tsayawa na kare kaina ba, domin muddin Inna tana raye ba na son in fama mata ciwo. Yanzu Inna ta riga mu, Yaya Hamani ma ya bi ta, Allah Ya jiƙansu, ni kuma gwiwa ta fara ƙin kai ni kasuwa. Gara in faɗa muku yadda aka yi tun da sauran hankalina. Ban saci kowa ba. Da hantsi na fito da yarinyar nan ta ƙofar zaure, Inna tana zaune a tsakar gida tana gani.

Nana 'yar Isufu ce, autanmu, wanda yawancinku ba ku san shi ba sai a hoto. Kamiyo yake tuƙawa, babbar motar kaya, yana ɗaukar albasa daga nan Gaya zuwa Abijan. A can ya auri wata mai sayar da kifi da aceke, wato dambun rogo, sunanta Ajuwa, Kirista ce, ba ta jin Hausa ba ta jin Dendi. Babu wanda ya taɓa ganinta a cikinmu, matar Abijan kawai ake ce mata a gida. Da suka haihu sai ya sa wa jaririyar sunan Inna, shi ya sa muke sakayawa muna cewa Nana. Ba a daɗe da yaye ta ba suka sami saɓani da matarsa, ya ɗauko yarinyar a gaban mota ya kawo ta, ya ce ta ga kakarta, in ya sake yin lodi zai mai da ita. Ya yi lodin, amma ya bar ta, ya ce sai zuwa na gaba. Ciwon ciki ya kama shi a Paraku, gawarsa aka kawo mana.

Ku da kuka san Inna da tsufanta kawai ba za ku gane yadda mutuwar nan ta kayar da ita ba. Ta daina ci, ta daina zuwa fadamar shinkafa. Abin da ya tashe ta zaune shi ne yarinyar nan, da take tsaye a kanta tana jan zanenta tana neman koko. Tun daga nan suka zama abu ɗaya. Tare suke kwana, tare suke zuwa bakin kogi, in Inna tana gyaran zogale Nana tana gefe da ɗan ƙoƙonta. Damina uku ta yi a hannunta. Bakinta ya buɗe da Hausa da Dendi, 'yan kalmomin Faransancin da ta zo da su suka ɓace.

Ni ce mai salula a gidan lokacin, saboda cinikin busasshen kifi da nake yi, don haka a wurina Ajuwa take kira. Tana da maƙwabci, wani mahauci mutumin Dogondutsi, shi yake yi mana tafinta. Da farko kuka take yi tana roƙo, Yaya Hamani ya karɓa ya ce bayan salla, in salla ta wuce ya ce bayan girbi. Da ta ce za ta zo da kanta, ya ce a gaya mata ranar da ta taka Gaya zai kai yarinyar Tunuga, cikin dangin da ba za ta taɓa gano su ba. Ba mugunta ce ta sa shi ba, tsoron abin da zai sami Inna yake yi. Daga nan Ajuwa ta daina roƙo, sai dai ta kira ta tambayi lafiya.

Wata Juma'a ina kasuwa ta kira. Mahaucin ya ce:

"Ta ce ba komai take nema ba yau. Wai ki gaya mata, in yarinyar ta tsaya kusa da ke, ina take kai miki?"

Na ce ta kai min ƙugu, har ta ɗan wuce. Sai na ji shiru. Na yi zaton layi ne ya katse, na ce, "Malam, kana ji na?"

Ya ce, "Ina jin ki, Hajiya. Ta miƙe tsaye ne, tana gwadawa a jikinta."

Ban ƙara cinikin kirki ba ranar. Kun san na binne ɗa, yayanku Sa'adu, yana shekarun Nana ƙyanda ta ɗauke shi. Ni dai na san inda nawa yake kwance, na san babu wanda ya riƙe min shi sai Mai shi. Ita kuwa tata tana raye, tana cin tuwo a hannunmu, mu muka tare hanya. Da na koma gida na gaya wa babanku abin da ke raina. Ya ce in fara zuwa wurin liman, kada in tunkari Inna da ra'ayina ni kaɗai. Liman bai yi kwana-kwana ba, ya ce yarinya mai waɗannan shekaru uwarta ta fi kowa haƙƙi a kanta, kuma ubanta bai ce ya ba mu ita ba, aro ya kawo.

A tsakar gida na faɗa, gaban Inna da Yaya Hamani. Yaya ya miƙe tsaye.

"Rabi, kin san abin da kike faɗa? Ki kai ta inda za ta tashi ba salla ba salati? In Isufu ya tambaye mu gobe ƙiyama me za mu ce?"

Na ce, "Yaya, Isufu da bakinsa ya ce zai mai da ita. Mutuwa ce ta hana shi. Mu me ya hana mu?"

Inna ba ta ɗago kai ba, tana ta tsince tsakuwa a shinkafa. Can ta ce, "Na binne shi sau ɗaya, ke kina so in sake binne shi."

Wannan magana har yau tana nan a ƙirjina. Na durƙusa na ce, "Inna, ki yafe min. Amma akwai wata uwa can da ba ta binne tata ba, kuma ba ta gan ta ba."

Sai da aka yi makonni ana kai da kawo. Liman ya zo gida da kansa, babanku ya zauna da Yaya Hamani a zaure ba sau ɗaya ba. A ƙarshe Inna ce ta raba gardamar. Ta kira ni ɗakinta, ta miƙo min ƙullin kayan yarinyar, ta riga ta wanke su ta ninke, ta ce in ɗauke ta tun zuciyarta ba ta sake juyawa ba. Yaya ya raka ni meri, ofishin magajin gari, ya sa hannu a takardu bai dube ni ba. In faɗa muku abin da na biya tun yanzu, don kada ku zaci a banza na sha: shekara ta zagayo Inna ba ta ci abin da na dafa ba, Yaya Hamani kuwa bai sake taka gidana ba sai ranar sunan 'yata Balkisa.

Kar ɗin nan, babbar motar fasinja da ke tasowa daga Yamai zuwa Abijan ta nan yake bi, shi muka shiga. Kujera ɗaya na kama, Nana a cinyata, jaka a ƙarƙashin ƙafata cike da dabino da ƙuli-ƙuli da soyayyen kifi da garin rogo, sai zannuwa na canji. Ni kaina ban taɓa wuce Malanbil ba. Da muka hau gada yarinyar ta manna fuska a gilashi tana ɗaga wa masunta hannu, tana ta murna an sa mata sabon takalmi. Mun wuce Kandi kaɗan ta juyo ta ce:

"Gwaggo, yaushe za mu koma? Inna ba ta ci abinci ba."

Na riga na yi wa kaina alkawari ba zan yi mata ƙarya ba. Na ce, "Wurin mamarki za mu, wadda ta haife ki."

Ta ce, "Inna ce mamata."

Ba ta yi kuka ba, ta dai ƙi dabino, ta ƙi ruwa, ta juya min ƙeya. Duk wanda bai taɓa yin doguwar tafiya da ƙaramin yaro ba, bai san tsawon hanya ba. Ƙafata ta mutu tun kafin Paraku. In mota ta tsaya ta ce ba ta jin fitsari, in an tashi ta ce ya matse ta. Ta yi amai ya ɓata wa mutumin da ke kusa da ni riga, ya yi ta faɗa yana cewa wanda zai yi tafiya da yaro ya kama kujera biyu. Ina ba shi haƙuri ina goge masa, sai wata dattijuwa daga baya ta taɓa kafaɗarsa ta ce su yi musaya. Sunanta Hajiya Mariyama, mutuniyar Doso, 'yar kasuwa ce da ta san hanyar kamar tsakar gidanta. Ba ta tambaye ni komai ba, ta ɗauki ƙafafun Nana ta ɗora a cinyarta, ta ce in miƙe tawa in huta. Ni ce da kaina na ba ta labarin, muna gab da Kwatano, don ya yi min nauyi.

Ita ta koya min abubuwan da ban sani ba. In an zo iyaka kowa sauka yake yi ya taka da ƙafa, ta ce in goya yarinyar tun kafin mota ta tsaya, in sa takardu a cikin riga ba a jaka ba. Ta hana ni sayen ruwan da ba a rufe yake ba. Da muka fito Kwatano teku ya bayyana a hannun hagu, ruwa ba gaɓa, na tashi Nana don ta gani, sai na ji jikinta kamar garwashi. A Lome Hajiya ta shiga farmasi ta karɓo magani, muka ɗura mata da ƙyar, na jiƙa ɗankwalina na shimfiɗa mata a goshi. A raina ina cewa, in wani abu ya sami yarinyar nan a hanya, ba ni da fuskar da zan kai Abijan, ba ni da wadda zan mayar Gaya.

A haka muka isa iyakar Togo da Gana da rana tsaka. Ma'aikacin da ya karɓi takardunmu ya duba nawa, ya duba nata, ya ga ƙasar haihuwa daban, suna daban. Ya ce in sauke ta. Ya kira wata abokiyar aikinsa da take jin Hausa, ta tsuguna gaban Nana ta ce:

"Yarinya, ina za ki?"

Sai Nana ta fashe da kuka. "Ni gida nake so. Ni wurin Inna nake so. Ita ce ta ɗauko ni."

Tana faɗa tana nuna ni. Suka shigar da mu wani ɗaki, suka ce ana yawan ratsawa da yaran mutane ta wannan hanya, ba za mu wuce ba sai sun tabbatar. Ban ga laifinsu ba ko a lokacin, da 'yata ce a hannun wata haka zan so a yi. Amma ta taga ina hango fasinjoji suna komawa mota, direba yana danna oda. Sai na ga Hajiya Mariyama ta shimfiɗa sallayarta a bakin ƙofar kar ɗin ta zauna. Daga baya aka gaya min abin da ta ce wa direban: kayanta suna sama, in ya ga dama ya tafi da su, amma ita ba za ta hau ba, kuma ba za ta matsa ba, sai matar nan da yarinya sun fito.

Na roƙi ma'aikaciyar ta kira uwar yarinyar. Allah Ya taimake ni tana jin Faransanci, kuma mahaucin yana kusa, ya ruga ya kai wa Ajuwa salula. Suka yi magana mai tsawo, ni ba na fahimtar ko kalma. Can ta rufe bakin salular da hannu ta ce min:

"Na ce mata kowa zai iya cewa shi ne uwa. Ta ce in cire wa yarinyar takalmin hagu, in buɗa tsakanin ƙaramin yatsa da na kusa da shi."

Ta cire takalmin da kanta. Akwai ɗan baƙin tabo a wurin, bai kai ƙwayar gero ba. Sau nawa na yi wa Nana wanka, sau nawa na yanke mata farce, ban taɓa lura da shi ba. Matar ta daɗe riƙe da ƙafar, sannan ta mayar da takalmin ta ɗaure, ta faɗa wa abokin aikinta wani abu da Turanci. Ya buga hatimi. Da za mu fita ta ce min, "Ki riƙa ba ta ruwa kaɗan-kaɗan, uwarta ta ce zazzaɓi yana sa ta ƙin sha." Muka fito. Mutumin da aka ɓata wa riga shi ya sauko ya karɓi jakata.

Ƙasar Gana ban ga komai nata ba, idona yana kan ƙirjin yarinyar ina duban numfashinta. Sai da muka kusa iyakar Kodebuwa gari ya waye, na ji zanena ya jiƙe sharkaf. Na zaci fitsari ne, ashe gumi ne, zazzaɓin ya sauka. Ta buɗe ido ta dube ni, ta ce:

"Gwaggo, akwai sauran kifi?"

Hajiya Mariyama ta yi dariya har da hawaye. Ta karɓi ledar a hannuna ta kwance.

A tashar Abijan mahaucin ne ya gane mu, ya nuna min wata 'yar siririyar mace tsaye a jikin bango, ta riƙe bakinta da hannu biyu. Duk tsawon hanya na ɗauka da sun haɗu shi ke nan, jini zai ja jini. Ba haka aka yi ba. Nana ta dube ta kamar yadda take duban kowace baƙuwa, ta zagaya bayana ta cusa kai cikin zanena. Na ga matar nan ta miƙo hannu, ta tsayar da shi a iska, ta mayar. Ba ta taɓa yarinyar ba. Ni ta durƙusa wa, ta kama ƙafafuna ta kifa goshinta a kai, ina ɗaga ta tana ƙi. A nan muka rabu da Hajiya Mariyama. Ban sake ganinta ba, kuma ba na salla in manta da ita.

Na yi niyyar kwana biyu in juyo, sai da na kusa wata. Ɗaki ɗaya ne Ajuwa take da shi, ta bar mana katifa ta kwanta a tabarma. Nana ba ta yarda ta yi mata wanka, ba ta karɓar abinci a hannunta, aceke kuwa ko kallonsa ba ta yi. In na zaga bayan gida sai ta tsaya a ƙofa tana kuka har in fito. A kwanakin nan ne na fi shan wuya, fiye da hanya, domin na fara tambayar kaina ko Yaya Hamani ne mai gaskiya, ko na raba yarinya da uwar da ta sani na kawo ta wurin wadda ba ta sani ba. Ajuwa kuwa haƙurinta ya ba ni kunya. Ta je wurin mahaucin ya koya mata zo, da ci, da ruwa, da sannu, tana maimaitawa tana soya kifi. Ta sa na koya mata tuwon masara da miyar kuka, na farko ya yi gudaji, muka yi ta dariya ba mai jin yaren wani. Ta kai ni da kanta ta nuna min makarantar allo a bayan layinsu, ta sa aka gaya min Isufu ya riga ya ce nan 'yarsa za ta, kuma ba za ta saɓa masa ba. Kullum tana zaune nesa kaɗan da yarinyar, tana yin abin da za ta yi, ba ta kira ta ba ta matsa mata. A hankali Nana ta fara zuwa ta tsaya kusa da kaskon suya. Wata rana ta karɓi soyayyar ayaba. Wata rana ta zauna aka yi mata kitso, ko da yake hannunta ɗaya yana riƙe da zanena.

Ranar da nake son ku sani, da la'asar ne. Ina zaune a bakin ƙofa ina tsinke ganye, Ajuwa tana can gaba da ni wajen murhu, Nana tana guje-guje da yaran gidan. Ta yi tuntuɓe ta faɗi a kan siminti, gwiwarta ta fashe. Ta miƙe tana ihu ta nufo mu. Na ajiye tiren na buɗe hannu, kamar yadda na saba. Ta wuce ni. Har gefen rigarta ya shafi hannuna, ta wuce ta faɗa jikin Ajuwa. Matar ta ɗauke ta tana hura mata ciwon tana cewa sannu, sannu, sannu, kalmar da take da ita ke nan, idonta a kaina ta saman kan yarinyar kamar mai neman gafara.

Ba zan ɓoye muku ba, ya yi min zafi. Na zauna da hannuwana a buɗe kamar wata sakarya. Amma kafin in mayar da su kan tiren na ji wani abu ya sauka daga wuyana, abin da nake ɗauke da shi tun ranar da na tsaya gaban Inna. Na ɗaga wa Ajuwa kai na ce ta ci gaba. Na ƙarasa tsinke ganyena.

Washegari na sa mahaucin ya raka ni tasha na yanki tikiti. Ranar tafiya Nana ta yi kuka, ta ce in gai da Inna, in ce mata ta riƙa cin abinci, amma a kafaɗar uwarta ta yi kukan, kuma ba ta ce a sauke ta ba. Na hau mota na zauna, cinyata ba kowa. Na san abin da ke jirana a Gaya, na san fuskar da zan tarar. Duk da haka ko fita gari ba mu yi ba barci ya ɗauke ni, irin wanda rabona da shi tun rasuwar Isufu. Sai da muka kai iyaka matar da ke kusa da ni ta girgiza ni, ta ce, "Hajiya, tashi, kowa ya sauka, ke kaɗai ake jira."